JAN MARFI A GABAN KUJERAR UMMA

Shafi na 23

Na ga saƙonninku, har da na wadda ta ce in ban fito yau ba za ta zo ta ƙwace wayar ta rubuta da kanta. To ga shi. Masu tausayin Soja da masu jin haushinta, kowa ya gyara zama.

*

Soja na tsakiyar goge zufa saƙon ya shigo.

Madam ce, mai gidan motsa jikin. Wai Mai Kujera, malamar ajin kujera, ba za ta samu zuwa ba yau, 'yarta na naƙuda. Soja ta taimaka ta riƙe mata ajin safe.

Ta karanta, ta sake karantawa. Sai ta yi wani murmushi wanda ba na daɗi ba.

Yoga kala-kala ake koyarwa a gidan. Duk wadda ta zo sabuwa, Madam kan zagaya da ita ɗaki-ɗaki. Ga na kwance, inda ake jingina da matasai ana sauraron numfashi. Ga na sauri, wanda ba a tsayawa sai an gama. Ga na zafi, na Soja, inda ake rufe tagogi a ɗumama ɗaki har madubi ya yi gumi. Can ƙarshen baranda kuma ga na kujera, na waɗanda gwiwa ta daina yi musu biyayya. In an gama zagayen sai Madam ta ce, "Ba ni zan zaɓar miki ba. Ki tambayi jikinki."

Soja ba ta taɓa yarda da maganar nan ba. A wajenta ba a tambayar jiki, umarni ake ba shi. Sunan ma ai ba a banza aka sa mata shi a gida ba, tun tana 'yar mitsitsiya take tsayar da yayanta a bakin famfo sai ya wanke hannu da sabulu.

Amma duk cikin matan duniya, mahaifiyarta ce ta zo gidan nan, ta yi zagayen, ta wuce ƙofar ajin 'yarta kamar ba ta san mai shi ba, ta je ta zauna a ajin Mai Kujera. Wata da watanni ke nan. Soja ta yi lallashi, ta yi fushi. Ta ce za ta rage zafin ɗakin. Ta ce za ta riƙa zuwa gida ta koya mata ita kaɗai. Umma ta ce kafaɗarta ce ke ciwo, kujera ta fi mata. Har masu aikin gidan suka samu abin tsokana: "Malama, wadda ta haife ki ma ta gudu, mu me za mu ce?"

To yau dai babu inda Umma za ta gudu.

Soja ta ɗaga hannu za ta ɗaure gashinta, abin nan ya sake cizonta a ƙarƙashin hammatar hagu. Ɗan ƙullutu ne, ya kwana biyu a wurin. Yawan tsayuwa a kan hannu ne, ta san aikinta, jijiya ce ta ɗaure. Ta murza shi da babban yatsa, ta ɗauki tawul ɗinta ta nufi ƙarshen baranda.

A bakin ƙofar kowane aji akwai kwando cike da marafan kwalba. Madam ce ta shafa musu fenti da hannunta, fuska ɗaya kore, ɗaya ja. Kowace ɗaliba za ta ɗauki ɗaya ta ajiye a gabanta. Kore a sama, malama na iya taɓa ki ta gyara miki tsayuwa. Ja a sama, a koya miki da baki, kada a kai hannu jikinki. Ita ce doka ta farko da ake karanta wa duk malamar da aka ɗauka, kuma Madam ta taɓa sallamar wata a kanta.

Soja na tura ƙofa wata murya ta tare ta.

"A'a! Yau Soja aka turo mana? Jama'a, kowa ta yi wasiyya!"

Rediyo ce, wata dattijuwa mai faɗi da ba ta taɓa rufe baki daga shigarta aji har fita. Aka yi dariya.

"Ina kwananku," in ji Soja. "Mai Kujera na asibiti, 'yarta za ta haihu."

"Allah Ya raba lafiya. Mu ma Allah Ya raba mu da ke lafiya."

Soja ta ajiye tawul ɗinta. Idonta na can ƙarshen layi, wajen taga.

Umma na zaune da faffaɗar rigarta mai dogon hannu, wadda ta koma sakawa kullum ko ana zafi. A gaban kujerarta marfi ne, kore a sama.

Suka haɗa ido.

Umma ta sunkuya a hankali, kamar mai gyara takalmi, ta kife shi.

Ja.

Soja ta tsaya tana kallon marfin. Wato Mai Kujera ce ake ajiye wa kore. Matar da ba dangin uwa ba na uba, ita ke da izinin taɓa Umma. Ita da ta kwanta a cikinta, ja.

"Mu fara," ta ce. "Kowa ta miƙe bayanta. Ba jingina aka zo yi ba."

"Mai Kujera kan bar mu mu gaisa tukuna," in ji Rediyo.

"Kun gaisa a waje."

Suka ja numfashi, suka sauke. Suka juya wuya. Suka ɗaga ƙafa ɗaya, suka mayar. Soja na yawo tsakanin kujeru tana gyara wa masu kore, nan ta danna kafaɗa, can ta ɗaga haɓa. Duk zagayen da za ta yi sai ta bi ta gaban Umma, sai jan marfin nan ya kalle ta.

"Yanzu hannuwa biyu sama. Sama sosai, kamar za ki ɗauko abu a kan kabad."

Hannuwa suka tashi, wasu a miƙe, wasu a karkace.

Na daman Umma ya tashi. Na hagu ya kai daidai kafaɗa ya tsaya, yana ɗan rawa.

"Umma, na hagu."

"Nan ya tsaya."

"Bai tsaya ba. Ke kika tsayar da shi."

"To na ji."

"Wata nawa kina ajin nan, hannu ɗaya an kasa ɗaga miki? Me ake koya muku, hira?"

"Soja, wuce ki duba wasu."

Soja ta matso.

"Malama ƙarama," in ji Rediyo, wannan karon babu wasa a muryarta. "Ja ne fa."

"Na gani."

"To?"

"Uwata ce."

"Marfin bai san da haka ba."

Soja ta tsallake shi. Ta zagaya bayan kujerar kamar yadda take yi wa kowace ɗaliba, hannu ɗaya a gwiwar hannun Umma, ɗayan ta kai shi gefen haƙarƙari, ƙasan hammata, inda ake tallafe jiki kafin a ɗaga.

"Soja, bari."

"Ki saki jikinki kawai. Tsoro ne, ba ciwo ba."

"Na ce ki bari."

Ta ɗaga.

Umma ta yi wata 'yar ƙara, gajera, irin ta wadda aka taka wa yatsa a cikin taro ta haɗiye sauran.

Amma ba ƙarar ce ta daskarar da Soja ba. Tafin hannunta ne. Ta taɓa jikin mata ba adadi, ta san inda nama yake, ta san inda ƙashi yake ko da idonta a rufe. Nan inda ya kamata a ce akwai tudu da laushi, babu. Shafe yake. Sai wani dogon layi mai tauri a ƙarƙashin rigar, kamar an kwantar da igiya a jikin fata.

Wani abu ya zame a ƙarƙashin yatsunta. Ya sauko ta ƙasan rigar, ya faɗa cinyar Umma, ya gangara ƙasa, ya tsaya kusa da jan marfin.

Ɗan matashi ne mai girman tafin hannu, zagayayye, an cusa masa auduga. An ɗinka shi da yadi mai ƙananan furanni ruwan ɗorawa.

Soja ta san yadin. Labulen falon yayanta ne.



Ta ɗago kai tana jiran ta ga mamaki a fuskokin matan. Babu. Ba wadda ta kalli abin da ya faɗo. Ita suke kallo, dukkansu.

Rediyo ta zare gyalenta ta yafa a kan ɗan matashin.

Umma ta miƙe. Ta sunkuya da kyar, ta ɗauke shi da gyalen gaba ɗaya, ta bi ta tsakanin kujeru ta fita, bayanta a miƙe fiye da yadda Soja ta taɓa koya wa kowa.

*

A ɗakin canza kaya ta same ta, tsaye gaban madubi, tana ƙoƙarin mayar da abin cikin rigar mama da hannu ɗaya.

"Tun yaushe?"

"Rufe ƙofar."

"Umma, tun yaushe?"

"Na ce rufe ƙofar. Ko nan ma sai an tara jama'a?"

Soja ta rufe. Ta jingina da ita.

"Lokacin da kika tafi kwas," in ji Umma, tana kallon madubi. "Ciwon daji ne, na mama. An cire."

Kwas. Wanda ta je ta samo takardar koyar da yoga mai zafi. Kullum da yamma tana kira, kullum Yaya ke ɗagawa. Umma ta kwanta. Umma na wanka. Layin ba shi da kyau, a bar bidiyo, a yi murya kawai.

"Kuka ce min kafaɗa ce."

"Kafaɗar ma na ciwo. Ban yi miki ƙarya ba."

"Na turo miki bidiyo! Na nuna miki yadda za ki riƙa jan ta da tawul!"

"Na gani. Ina kwance da roba a gefena tana zuƙe jini na kalla. Kin yi kyau a ciki."

Soja ta dafe baki.

"Wa ya sani?"

"Yayanki."

"Sai wa?"

"Matarsa."

"Na ga labulenta ai. Sai wa?"

"Mai Kujera. Da 'yan ajinmu."

"Rediyo? Umma, har Rediyo? Matar da ba ta iya ɓoye abin da ta ci da safe?"

"Ta ɓoye wannan."

"Wato duk gidan nan ana kallona ina wucewa, ana cewa ga sakarar can da ba ta san an yanka uwarta ba."

"Ba wanda ya ce miki sakara."

"Ni kaɗai ce 'yarki mace! Ni kaɗai! Aikina ke nan, jikin mutane. Na san abin da ake ci, na san abin da ake bari, na san motsin da ake yi bayan tiyata. Da na tsara miki komai, da yanzu hannun nan..."

"Kin ji ko?" Umma ta juyo. "Kin ji bakinki?"

"Me na ce?"

"Ko minti ba ki yi da sani ba, har kin fara tsara min."

"To laifi ne? Me na yi miki, Umma? Ki gaya min abin da na yi da har Rediyo ta fi ni."

Umma ta zauna a kan benci. Ta ɗora ɗan matashin a cinyarta, ta shafa shi kamar mai lallashin kyanwa.

"Abbanki," ta ce.

"Kada ki sako Abba."

"Ke kika tambaya."

"Na yi jinyar Abba! Na ajiye aikina na dawo gida lokacin da ɓarin jikinsa ya shanye. Yaya yana ina? Leƙowa yake ya ajiye leda ya tafi. Ni ce nake ɗaga shi, ni nake kwantar da shi."

"Ke ce. Ba wanda ya isa ya ce ba ke ba ce. Ke kika hana shi gishiri. Ke kika hana shi sukari a shayi, mutumin da tun kafin in aure shi yake shan shayinsa kamar zuma. Ke kike tashinsa ya yi tafiya a baranda yana jan ƙafa, yana kuka, kina cewa saura kaɗan."

"Likita ne ya ce!"

"Likita ya ce a rage. Bai ce a mai da mutum fursuna a gidansa ba." Umma ta ja numfashi. "Bayan ya rasu, ina tattara kayansa, na buɗe gidan tabaransa. Babu tabarau a ciki. Sukari ne, ƙwaya-ƙwaya, a jere. Mutum da furfurarsa yana satar sukari a gidan da ya gina."

Soja ta girgiza kai.

"Kin san duk barcin nan da kike samunsa yana yi? Kina cewa Abba ya cika barci, maganin ne? Idonsa biyu. Muna hira, yana ba ni dariya da karkataccen bakinsa, da ya ji takunki a matakala sai ya ce min, ga ta nan. Ya rufe ido."

"Ƙarya ne."

"Ni kike ce wa ƙarya?"

"Ba haka nake... Umma, so nake ya rayu!"

"Na sani. Shi ma ya sani. Shi ya sa bai taɓa ce miki a'a ba, sai dai ya rufe ido. Ranar da ya cika, me kika ce a bakin gadon?"

"Ban tuna ba."

"Ni na tuna. Kika ce da ya bi abin da kika tsara masa da bai kai haka ba. Jikinsa bai gama hucewa ba kika faɗa."

Famfon da ke kusurwa na ɗiga. Daga can ajin kujera ana jin muryar Rediyo tana jan sauran, sama, ƙasa, sama, ƙasa, don dai kada a ji abin da ake faɗa a nan.

"Ranar da aka gaya min sunan ciwona," in ji Umma, muryarta ta yi ƙasa, "kin san abin da ya fara zuwa min a rai? Ba mutuwa ba. Ke. Na hango ki tsaye a kaina da agogo a hannu. Na ce wa yayanki, ciwon zan iya. Soja ce ba zan iya ba."

Soja ta zame a jikin ƙofa har ta kai ƙasa. Ita da ke tsayawa a kan hannuwanta ɗalibai na tafi, ga ta a durƙushe a kan tayil mai sanyi.

"To me ya kawo ki gidan nan?" ta ce da kyar. "Gari cike da wuraren motsa jiki. Me ya sa sai inda nake?"

Umma ta juya ɗan matashin a cinyarta.

"Taga," ta ce. "Daga kujerata ana hango ƙofar ajinki. Ina ganinki kina shiga, ina ganinki kina fitowa."

Wannan ta fi duk sauran zafi.

"Ranar farko Mai Kujera ta durƙusa a gabana ta ce, Mama, ina ne hannun ke tsayawa? Na nuna mata. Ta ce, to nan ne iyakarmu yau. Shi ke nan fa abin da ta ce. Na fita na shiga mota na yi ta kuka, matar yayanki ta zaci wani abu aka yi min."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

"Umma? Kina ciki? Mu tafi kada layi ya yi tsawo."

Anti ce, matar Yaya. Soja ta matsa, ƙofar ta buɗe. Anti ta shigo da makullin mota a hannu da jakar Umma a kafaɗa. Ta ga Soja a ƙasa, ta ga abin da ke cinyar Umma. Murmushinta ya mutu.

"Innalillahi."

"Ke kika ɗinka," in ji Soja.

"Ni ce."

"Da ragowar labulenki."

"Shi ne mai laushi. Na kanti yana goge mata tabon."

"Ina zuwa gidanki ki zuba min shayi, ki ce Soja ya aji, ya ɗalibai. Kina kallon idona."

"An ce kada in faɗa."

"Ke bare aka gaya wa, ni aka rufe."

Anti ta ajiye jakar a kan benci.

"Baren ce ke wanke mata ciwon safe da yamma, ƙanwata. Baren ce ke riƙe mata roba in tana amai. Ban roƙa ba. Kuma wallahi ba dare ɗaya da ban ce a gaya miki ba."

"Ya isa," in ji Umma. "Zo ki sa min abin nan, hannuna ya gaji."

Soja ta yi zumbur ta miƙe. "Kawo in sa miki."

Umma ta miƙa wa Anti.

Haka Soja ta tsaya tana kallo. Anti ta ɗaga rigar da sabo, ta zura abin, ta gyara, ta ja rigar ta sauke, ta ɗan matsa baya ta duba ko ɓangarorin sun daidaita. Ko kallon juna ba su yi ba. Sun yi wannan sau da yawa.

"Ina za ku?"

"Asibiti," in ji Anti. "Yau ranar ganin likita ce."

"Zan bi ku."

"A'a," in ji Umma.

"A baya zan zauna. Ba zan ce komai ba."

"Kina da aji."

"Aji ya ƙone! Umma, wallahi ko tari ba zan yi ba. Ba zan tambayi likita komai ba, ba zan duba maganinki ba. Jakarki kawai zan riƙe. In kin ce tsaya a waje, zan tsaya a waje. Ki gwada ni."

"Na gwada ki ɗazu."

"Umma..."

"Na ajiye miki ja a gaban mutane. Na ce bari, na sake cewa bari. Dokar wurin aikinki ce, ba tawa ba, ita ma kin tsallake ta. A asibiti wane marfi zan ajiye miki?"

Ta miƙe ta ɗauki mayafinta. "Mu je," ta ce wa Anti.

Anti ba ta motsa ba.

"Na ce mu je."

"Umma, ki gaya mata."

"Gaya mata me? An gama magana."

"Ki gaya mata, ko ni in gaya mata."

"Rufe min baki."

"Na rufe shi wata da watanni. Yau kam ki yi haƙuri, ko za ki tsine min." Anti ta juya ga Soja, idonta ya kawo ruwa. "Likita ya ce kada mu sake zuwa ba tare da ke ba."

"Ni? Don in yi jinya?"

"Ba jinya ba."

"Ke!" in ji Umma.

"Ciwon irin mai bin jini ne. An gwada an gani. Shi ne ya ɗauke Inna, yayar Umma, wanda aka ce muku ciwon ƙirji ne. Likita ya ce in akwai 'ya mace a kawo ta a duba ta, da wuri, don in an kama shi da wuri ba ya kai ko'ina. Tun bayan tiyata yake faɗa. Duk zuwanmu sai ya tambaya, ina yarinyar? Umma ta ce wani zuwan."

Soja ta kalli mahaifiyarta.

Karon farko tun da suka shigo ɗakin, Umma ta kasa riƙe idonta.

"Cewa na yi sai na ɗan warke," ta ce. "In na kai ta, ai za ta san nawa. Kuma me za a duba a jikin wannan? Dube ta fa. Ƙarfe ce. Ko mura ba ta yi. Ba ta shan sukari, ba ta cin mai, tun asuba tana tsalle. Irinsu ciwo ke tsoro." Tana magana tana sauri, kamar mai son ta cika ɗakin da surutu. "Ai lafiyarki ƙalau, ko? Gaya mata. Gaya mata ba abin da ke damunki, ta daina ɗaga min hankali."

Soja ta mai da ido kan madubi.

"Soja?"

Ba ta san lokacin da hannunta na dama ya tafi ba. Sai ganinsa ta yi a madubi, ya ratsa ƙirjinta, ya shige ƙarƙashin hammatar hagu, babban yatsan na danne a daidai wurin da ya saba.

Anti ta gani. Makullin motar ya faɗi ƙasa.

Umma ta bi hannun da kallo.

"Me kike taɓawa?"

"Ba komai. Jijiya ce."

"Cire hannunki."

"Tsayuwar hannu ce, Umma, na san aikina, in na huta zai..."

"Na ce cire hannunki in ji."

Umma ta tako. Hannun hagun nan da ba ya wuce kafaɗa, shi ta miƙo. Soja ta ja da baya har bayanta ya bugi ƙofa, babu sauran wurin zuwa.

Yatsun Umma suka ture nata. Suka lalubo. Suka tsaya.

Fuskar Umma ta zama toka.

"Soja," ta ce, muryar ba ta fita sosai. "Tun yaushe?"